Korau da Ciwon Kan Yayansa

A Unguwar Rimaye, wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan dutse, an yi wata tsohuwa ana ce mata Tarana, tana da 'ya'ya biyu maza. Babban shi ne Dogara, mahaƙin rijiya, wanda duk yankin babu na biyunsa. Autan kuwa Korau, ƙato ne mai ƙirar samudawa, shi ke riƙe wa yayansa igiya idan ya shiga rami. Mutane suna ce masa wawa, don yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Shi kuwa da wannan yake taƙama. Yakan bugi ƙirji ya ce ba a taɓa sa shi aiki ya bar rabi ba, kuma gaskiyarsa ne. Ƙauyuka da yawa sun tara masu wayo, amma babu wanda ya yi dacen irin Korau.

Abin da ke hana Tarana sukuni shi ne burukutu. Dogara ba ya wuce ta ranar kasuwa. Washegari sai ya tashi kai na sarawa, baki a bushe, hannu na rawa, ido ba ya son haske, kuma a haka zai saɓi diga ya nufi bakin rami. Mai sauka ƙarƙashin ƙasa a kan igiya kuwa kuskure ɗaya ya ishe shi. Tsoronta kada wata rana a jawo mata gawar ɗanta. Ta yi faɗa ta gaji, ta yi kuka ta gaji, sai ta koma kan autanta.

Wata rana ta kira shi ta ce, "Auta, giya a kan yunwa ita ke kayar da yayanka. Kada ka bari ya kai ƙoƙo baki sai cikinsa ya cika." Korau ya ce to. Ya ɗauki tukunyar tuwon dawa sukutum, ya bi Dogara har gidan Ladingo mai burukutu. Dogara na miƙa hannu ga ƙoƙo, ya ji an damƙe masa wuyan hannu. Don a zauna lafiya ya ci malmala biyu, ya ce ya ƙoshi. Korau ya danna masa ciki da babban yatsa, ya girgiza kai. "Da saura, Yaya. Yana lotsawa." Haka aka yi ta yi, ana ci ana dannawa, mashaya na dariya, har aka kai ga ƙanzo. Da cikin ya yi tauri kamar ganga, Korau da kansa ya miƙa masa ƙoƙon cikin ladabi ya ce yanzu yana iya sha. Ina wurin zubawa? A amalanke aka kai shi gida yana nishi. Washegari babu ciwon kai, amma ko sunkuyawa bai iya ba, rijiyar da ake haƙa ta kwana tana jiransa.

Wata rana malamin asibitin da ke zuwa yi wa yara allura ya sauka a garin, Tarana ta kai masa kukanta. Ya ce mata giya tana sa yawan fitsari, ta tsotse ruwan jiki, shi ne asalin ciwon kai da bushewar baki, don haka duk ƙoƙon giya ɗaya a haɗa shi da ƙoƙon ruwa ɗaya. Korau na gefe ya kasa kunne. Ranar kasuwa ya yi sammako, ya tarar Ladingo ta tafi itace. Bai ga dalilin jira ba. Ya aro randa, ya zauna yana aunawa tsakani da Allah, ƙoƙon giya, ƙoƙon ruwa, har ya gama da duk abin da ta dafa. Mashaya suka zo suka yi ta ɗirka har la'asar, ciki ya cika, waƙa ta ƙi zuwa, sai layi a bayan danga. Da Ladingo ta dawo ta ɗanɗana ta gane, ta yo kan Korau da muciya. Bai gudu ba. Ya tsaya tana jibgarsa yana yi mata bayani cewa umarnin malamin asibiti ne. Washegari mazan garin suka fita gona ido garau, matansu kuma suka yi ta aiko wa Korau ƙosai a ɓoye.

Wata rana Dogara ya sulale zuwa wani ƙauye inda babu mai sa masa ido, ya gauraya burukutu da barasar nan mai ƙarfi, ogogoro. Ya wayi gari kamar ana daka a cikin kansa. Daga kwance ya ce, "Korau, duk abin da ya yi ƙara a gidan nan, fitar min da shi." Zakara ne ya fara, aka yi waje da shi. Awaki suka bi baya, sannan turmi da taɓarya. Can sai Tarana ta yi tari. Korau ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya ɗauke ta cak da tabarmarta ya ajiye a ƙofar gida. Gida ya yi tsit, har barci ya kwashe mai ciwon kai, ya soma minshari. Korau ya tsaya a kansa ya yi tunani mai zurfi. Dogara bai farka ba sai a waje, rana ƙwal a idonsa, zakara na cara a gefen kunnensa, mahaifiyarsa na dariya har da hawaye.

Wata rana da rani rafi ya ƙafe, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Mai unguwa ya ce a buɗe tsohuwar rijiyar gari da aka daɗe da rufewa, Dogara ya yashe ta. Sai ranar ta faɗo washegarin wani biki. Gari ya taru a bakin rijiya, Dogara ya iso ido jajur, yana taka ƙasa a hankali. Kowa ya ga halin da yake ciki, amma mutum ne mai girman kai, ba zai ce ba zai iya ba a gaban jama'a. Tarana na tsaye cikin mata.

A al'adar aikin, mai sauka shi ke ɗaura wa kansa igiya a ƙugu, a ɗaure ɗaya bakin a bishiya. Ran nan yatsun Dogara suka ƙi ƙulla igiyar, sai rawa suke. Ya matso kusa da ƙanensa don kada a ji, ya ce, "Ɗaure ni tamau, ka ɗaure a ɗorawar can. Kada ka kwance sai rana ta take tsaka, ko wa ya ce maka."

Korau ya sungume shi, ya zaunar da shi a gindin ɗorawa, ya nannaɗe shi da igiyar tun daga ƙirji har ƙugu, ya yi ƙulli irin na ɗaurin bijimi. Wuri ya kaure da dariya. Dogara ya yi zagi, ya yi magiya, ya ce maza a kwance shi.

"Ka ce ko wa ya ce, Yaya."

Mai unguwa ya sa baki, Korau ya gaishe shi da girmamawa, ya ƙi. Samari suka matso, suka dubi damatsansa, suka koma. Tarana kuwa gida ta je ta kawo ruwa da kunun tsamiya, Korau ya riƙa ba shi a baki. Ga inuwa, ga iska, ga ciki ya sami ɗumi, faɗan ya ƙare a barci.

Sai da Korau ya ga inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa sannan ya kwance ƙullin. Dogara ya miƙe, ido ya washe, hannu ya daina rawa, sai haushi. Ya nufi rijiya a fusace, har ya zura ƙafa ɗaya, sai ya tsaya cak.

"Ina fitila?"

Babu wanda ya zo da ita. Rijiyar da ta daɗe a rufe takan tara muguwar iska a ƙasanta, ba wari ba launi, shi ya sa mahaƙa ke fara zura fitila a kunne. Inda wuta ta mutu, mutum ma ba zai rayu ba. Dogara ya san wannan tun yana bin mahaifinsu, amma da safen nan ko kusa bai tuna ba. Aka kawo aci-balbal, aka sa a guga, aka zura. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Aka sake kunnawa, ta sake mutuwa a daidai wurin.

Dogara ya zauna a bakin rijiyar ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ya ce a bar ta a buɗe, a yi ta kaɗa mata ganye har fitila ta kai ƙasa da ranta. Tarana kuwa, da ba ta taɓa yabon autanta a bainar jama'a ba, ta ratsa maza ta kama hannun Korau ta ɗaga, ta ce kowa ya dube shi da kyau, ita ta haife shi.

Dogara ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa. "Daga yau, duk ranar da ka ga hannuna na rawa, ka ɗaure ni."

"Ko a ina muke, Yaya?"

Dogara ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi bakin ramin. "Ko a ina."

Korau ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa. Har yau da ita yake zuwa kasuwa, yana tafe a bayan yayansa, kai a sama.