Dokta Zango-Ɗaya da Ludayin Fura

Duk ƙauyukan da ke shan ruwan Watari, ba a taɓa haifar masani kamar Kamaruddeen ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa zai musa wa likita? Zangon karatu ɗaya ya yi a makarantar koyon aikin jinya, ya dawo hutu da farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya har masallaci. Samari suka raɗa masa Dokta Zango-Ɗaya. Ya ɗauka digiri ne, yana amsawa.

Tun da ya dawo, ba wanda ya ƙara shan farasitamol cikin kwanciyar hankali. Ka ce kanka na ciwo, sai ya gyara tsayuwa: "Dakata, Baba. Ka san hanyar da ƙwayar nan za ta bi? Daga ciki sai hanta, daga hanta sai jini. Mu a ilimin magunguna..." Kafin ƙwayar ta isa hanta, ciwon ya gaji ya tafi. Ko akuyar gidansu ta sha lacca a kan ƙoda.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: son auren Ramlat, 'yar Alhaji Abdulhadi, shugaban manoman albasa. Alhaji ya ce shi ba ya ba riga 'ya. Sharaɗinsa, yaron ya zo taron manoma ya yi bayani kan shan magani barkatai. In an ga hankali, ya turo magabata.

Ranar taron mura ta kama Dokta, don ita ba ta san manya ba. Ya ɗauko kwalbar maganin mura, an rubuta ƙaramin cokali biyu. Ya dubi mahaifiyarsa ya yi murmushi.

"Inna, an koya mana cewa da nauyin mutum ake auna magani. Mutum mai nauyi irina a garin nan, cokali ai raini ne."

Ga shi kuwa siriri kamar sillen kara. Ya ɗauki ludayin fura, ya cika biyu ya shanye. Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne.

A gindin darbejiya ya fara da zafinsa. "Jama'a, jahilci ne ke cutar ku. Kowane magani yana da ƙa'ida, wanda ya ƙetare ta zai ga illa. Illa ta farko ita ce..." Ya yi hamma. "Ita ce..." Ya lalubi benci ya zauna. Manoma suka yi tsit suna jiran illa ta farko, sai ga ta ta iso da minshari.

Wallahi har ni na tausaya masa. Aka yayyafa ruwa, aka kira Kamaru, aka kira Dokta, shiru. A amalanken albasa aka mayar da shi gida.

Washegari, ko kunya babu, ya aika a tambayi Alhaji yaushe magabata za su zo. Alhaji ya ce a gaishe da Dokta, bayani ya fito sarai, ba a taɓa nuna musu illar magani ƙiri-ƙiri haka ba. Batun Ramlat kuwa, a bari sai ya farka.