Rasuwar Bidiyona da Bature a Cikinsa

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki da kunya suka cika, ni Malam Ɗan'azumi na Maruta nake sanar da 'yan'uwa na Gwaram da Birnin Kudu rasuwar bidiyona mai cin kaset, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa raina ƙaramin janareto ba. Ta dalilinsa na ga teku, na ga jirgin ƙasa yana shiga cikin dutse ya fito lafiya. In ya karɓi kaset yakan ce "ƙurrr-ƙas", kamar dattijo yana gyaran murya.

Ga yadda ajalin ya zo. Ina da wani littafin Turanci tun ina aji huɗu, inda bokona ya tsaya, labarin Baturen da 'yan leƙen asiri suke farauta. Gara ta cinye bangon da shafukan ƙarshe, saboda haka ban san sunan littafin ba, ban kuma san ko bawan Allahn ya tsira ba. Na tsufa da wannan damuwa. Makon jiya maƙwabcina Manu ya tsinto wani kaset marar suna a kasuwar Birnin Kudu. Muka saka, sai ga labarin nan, da motsinsa.

Ana tsaka da kallo marigayin ya fara tari, "kik, kik, kik". Manu ya ba da shawarar a kashe shi ya huta. Na ƙi, don Baturen yana reto da igiya a ƙarƙashin gada. A gidanmu man shanu ake ba mai tari, sai na narkar da cokali guda na ɗura masa ta baki. Ya yi tsit, na ɗauka sauƙi ne. Can hoton ya yi fari fat, zauren ya ɗauki ƙamshin suya.

Ba wutar janareto ba ce ta kashe shi, ko da yake haka na gaya wa mai ɗakina Hapsatu. Ni ne. Ta yafe mini ƙaryar, Manu ma ya yafe.

Ya bar talabijin guda tana takaba, da rimot da ya daɗe da kurumcewa, da marayun kaset cike da kwando.

Ana karɓar gaisuwa a zaurena. Za a rufe shi a bayan rumbu, amma sai mai gyaran rediyo ya zo daga Fagam ya ciro kaset ɗin, don ba zan binne shi da mutum rataye a cikinsa ba. Duk mai bidiyon da ke da sauran numfashi, don Allah ya taho da shi wurin jana'iza.