Ranar da Kaka Ta Daina Cewa Da Sauƙi

"...Ina gajiya, raggon miji? Ko gaisuwar ma sai an rubuta maka a allo?"

Malam ya juyo da tsumman goge allo a hannu. Ɗalibansa na ajin manya masu koyon Turanci sun watse, direban bas da mai ɗinki ne na ƙarshen fita, sai kujerun roba a karkace. Ga kakarsa a bakin ƙofa, da ƙunshi a hammata, tana haki saboda matakala. Ya tuna yau ce ranar ganin likitanta. Tun bara ciwo ke cin ta a gefen ciki, amma duk zuwan da ta yi, likita na tambayarta da Turanci, sai ta ce da sauƙi, an gode Allah, a ba ta maganin ciwon jiki ta dawo. Ta kuma rantse ba za ta tona cikinta a gaban jika ba, balle ya yi mata tafinta. Shi ya sa dole ya zaunar da ita a ajinsa, a layin gaba, ta koyi faɗa da bakinta.

"Ba gajiya, tsohuwa mai ran ƙarfe. Me likita ya ce?"

"Ya ce in sake ka. Wai mace kamata ba ta dace da mijin da takalminsa ke buɗe baki yana yi wa mutane dariya a titi ba."

"Wa zai kwashe ki? Haƙoranki nawa suka rage?"

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, yaro. Ka ga ƙunshin nan? Na likita ne. Kasuwa na bi na saya wa sabon angona."

"Allah ya ba shi haƙuri. Kaka, me kika gaya masa?"

"To, ka san dai tun safe na tashi, na ce wa uwarka ta duba mini gyalena, ashe maƙwabciya ta ara, ita kuwa maƙwabciyar ɗanta ne ya..."

"Kin fara ko? An tambaye ki ciki, kin tafi gidan maƙwabta. Me nake faɗa muku kullum?"

Ta kwaikwayi muryarsa, har da ɗaga yatsa. "Faɗi abin tukuna. A ina yake? Tun yaushe? Me ke tayar da shi? Labari ya biyo baya in an nema." Ta taɓe baki. "Ko aku aka yi wa wannan nacin ai ya haddace."

"Aku ya fi ki, shi ba ya gardama da malaminsa."

"Malamin da na wanke wa kashi? Allah ya sawwaƙe!"

Ta ja kujera ta zauna, ta dafe gefen cikinta. Malam ya ga hannun, dariyarsa ta ɗauke. Tsoro yake ji, ba kaɗan ba.

"Da ya tambaye ni," in ji ta, "wallahi da sauƙin nan ta zo har bakin leɓena. Tun ina yarinya aka koya mini ba a kai ƙarar jiki. Sai na tuna mummunar fuskarka, na haɗiye ta. Na ce masa da Turancinka, ina da ciwo. Na nuna nan, dama, ƙasan haƙarƙari. Na ce tun bara. Na ce in na ci mai maiƙo ya fi tashi, har amai nake yi. Na yi shiru."

"Ke? Kika yi shiru? Wannan ai sai a sanar a rediyo."

"Rufe mini baki. Mutumin nan ya ajiye biro, ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce me ya hana ki faɗa tuntuni? Na ce yau ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi. Wannan da Hausa na faɗa, bai gane ba."

"Sai kuma me?"

"Suka shafa mini wani abu mai sanyi, suka ɗauki hoton cikin. Tsakuwa ce a maɗaciya. Za su cire, ya ce an zo da wuri. Ba mugun abin da uwarka ke kuka a kai ba ne."

Malam ya zauna a gefen tebur. Alhamdulillahi kawai yake maimaitawa a ransa.

"Dama na san ɗacin bakin nan da inda yake fitowa," ya ce.

Kaka ta ƙura masa ido. "Kai kuma lafiya? Idonka ya yi ja."

"Lafiya lau. Alli ne."

"Ka ji maƙaryaci! Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Faɗi abin tukuna, Malam. A ina yake? Tun yaushe?"

Ya yi dariya, hawaye na zubowa. Ya dafa ƙirji. "Nan. Tun bara. Na ɗauka za ki tafi ki bar ni."

"In bar ka wa? Wa zai karɓi wannan kayan?" Ta goge nata idon da bakin gyale, ta gyara zama kamar ɗaliba. Sannan a hankali, da Turanci, kalma bayan kalma, ta ce masa ta ji tsoro, shi ya koya mata, ta gode.

"Ban ji ba, tsohuwa. Maimaita."

"Ka mutu ba ka ji ba!" Ta wurgo masa ƙunshin a cinya. Ya kwance, sai ga takalmi baƙi, sabo fil, daidai ƙafarsa.

"Ba na likita ba ne?"

"Na duba ƙafarsa, ƙarama ce," in ji Kaka tana dariya. "Yabon gwani ya zama dole. Saka ka raka ni gida, kar ka kunyata ni a titi."