Lebul Ɗin Da Na Ce Na Gama

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan Nura a Kubwa ba. Har yau in ta faɗo mini a rai, ko a cikin bas nake sai na sunkuyar da kai.

Ni da Nura tun muna jami'a a Gwagwalada muke buga gem, wato wasan bidiyo, tare. Akwai wanda muka fi so, labarin wani jarumi da ke neman ƙanwarsa da aka sace aka kai wani birni a ƙarƙashin teku. Da Nura ya samu aiki a ma'aikata, sai ga wani Bitrus, ɗan Filato, abokin ofishinsa. Kullum "Bitrus ya ce, Bitrus ya gano." (Abin haushin, mutumin kirki ne. Na yi ta neman aibinsa ban samu ba, sai dai dogon wuya.)

Ana nan sai masu gem ɗin suka haɗa kai da masu wani gem daban na 'yan sama jannati, suka fito da sababbin lebul, wato matakan wasa, inda jarumar can take shigowa duniyar namu jarumin. Ni ban ko buɗe su ba, aiki ya sha mini kai. Amma ina gani a guruf ɗinmu su biyun suna ta zuba, wai an ɗinke lebul ɗin da ainihin labarin kamar zare da allura. Nura har da rubuta, "Bitrus, kai malami ne." Malami! Ni da na koya wa Nura riƙe hannun gem ban taɓa samun ko ɗan aji ba.

Ranar Asabar ɗin na isa na tarar da su a kan kafet, Hadiza matar Nura ta ajiye musu zoɓo da gyaɗa. Bitrus yana ta bayani, Nura yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Na ce, "Ku daina yaudarar kanku. Lebul ɗin nan ba abin da ya haɗa su da labarin. An liƙa su ne kawai, kamar faci a sabuwar riga. Me ya kai 'yar sama jannati ƙarƙashin teku?"

Bitrus ya ce, "Oga, ka buga su?"

"Tuni na gama. Har na ƙarshe."

(Allah Ya sani, ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ta fito dai, ta zauna daram.)

Ya ce, "To ƙofar nan da ta buɗe a lebul na biyu fa? Ai ita ce wadda ɓarayin suka bi da yarinyar."

Na yi tsaki. "Ƙofa ai ƙofa ce. Kowane gem da ƙofa."

Sai na ga fuskar Nura ta canza. Ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Ka gama har na ƙarshe? Ni fa na ƙi buga na ƙarshen. Bitrus ya yi ta matsa mini, na ce a'a, ban taɓa ƙarasa labari ba tare da kai ba. Shi ya sa na kira ka yau."

Nan ne ya kamata in ce wasa nake. Amma Bitrus yana kallona, sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Ai ban sani ba."

Nura ya miƙo mini hannun gem. "Shi ke nan. Tunda ka san hanya, kai za ka ja mu. Shiga da sunanka, naka jarumin ya fi makamai."

Na ce na manta lambar sirrina. Ya ce ai injin ya riƙe ta tun zuwana na baya. Ya danna da kansa.

Talabijin ɗin Nura ƙatuwa ce, ta cinye rabin bango. Sunana ya fito ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma sababbin lebul ɗin a jere, kowanne da ɗan kwaɗonsa a kulle. Na farkon ma yana ta walƙiya da alamar ba a taɓa shiga ba.

Hadiza ta leƙo daga kicin, ta dubi bango, ta dube ni, ta ce, "Yaya, ko a mafarki ka gama?"

Na ce wataƙila sabis ne. Nura ya kwanta a kan kafet yana dariya har da tari. Bitrus kuwa (wannan ne ya fi ƙona ni) ya kawar da kai ya ce, "Oga, tana faruwa. Wani lokaci gem yana share abu." Wato rufa mini asiri yake! Gara a ce ya yi dariyar.

Ƙarshenta daga lebul na farko muka faro, ni ke riƙe da hannu, su suna nuna mini hanya. Muna zuwa wajen ƙofar nan sai ga ɗankunnen ƙanwar jarumin a ƙasa, ga muryarta tana kiran yayanta. Bakina ya suɓuce na ce, "Kai! Ashe ta nan aka bi da ita!"

Nura ya ce, "Ƙofa ai ƙofa ce."

Ba mu kai na ƙarshen ba ran nan. Bayan sati muka buga shi mu uku, kuma dole in faɗa, an ɗinke shi da kyau. Bitrus ma yanzu muna gaisawa sosai, ko da yake har gobe in Nura ya yabe shi sai kishin nan ya motsa.

Abin da na koya shi ne, in kishi ya kama ka a gidan mutane, cika bakinka da gyaɗa. Idan kuma ƙaryar ta zama dole, ka fara duba girman talabijin ɗin masu gida.