Yadda Za Ki Mayar da Watanni Kwanaki Don Kada a Kai Ɗanki Yaye

'Yar'uwa, in uwar mijinki ta ce ranar da ɗanki ya cika wata ashirin za ta goya shi ta tafi da shi yaye, kada ki tsaya kuka a bayan rumbu. Ni ma haka Inna ta aiko mini daga Gozaki. Yaron ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in buɗe baki in ce a bar mini shi. To ga hanya. Na gwada ta da kaina a nan Malumfashi, kuma na ba ki tabbaci: ɗanki ba inda za shi.

1. Ki raba tsohuwa da wata

Muddin da wata ake lissafi, kin faɗi. Wata a sama yake, kowa na ganinsa, kuma ba ya jin lallashi. Ƙanin mijina Abdussamad, akawu a Kaduna, ya ce Turawa na da wata na'urar lissafi da ba ruwanta da Azumi ko Janairu, sai an mayar mata da kowace rana lamba. Ki durƙusa ki ce, "Inna, yanzu da kwana ake ƙirgawa. Haka gwamnati ke yi." Ba tsohuwar da ke son rigima da gwamnati.

2. Ki zaɓi wata mai ƙiba

Watanmu wani ashirin da tara ne, wani talatin. Na Bature, a kalandar kamfanin auduga, akwai mai talatin da ɗaya. Shi za ki auna duk watanni ashirin ɗin da shi. Fabrairu kuwa ramamme ne, kada ki bari ya matso kusa da ɗanki. An ce bana an yi masa ƙarin kwana guda. Ki karɓi ƙarin, ki mayar musu da watansu.

3. Kada ki yi gaggawar farawa

Ranar haihuwa ba ta cikin lissafi, ai ba a hayyacinki kike ba. Kafin suna ma haka: wa za ki ƙirga wa, mutumin da ko suna bai da shi? Abdussamad ya ce na'urar ma daga sifiri take farawa. Nawa sifirin sai da ya kai ga girbin dawa.

4. Ki nemi ƙwarya da masara

Kowace safiya ki jefa ƙwaya ɗaya. Ranar da yaro ya yi zazzaɓi kada ki jefa, ai bai girma ba ranar. Ranar kasuwar Bakori ma ki bari, hankalin kowa na can. Uwa ta gari ba ta ƙirga wa ɗanta ranar banza.

5. Ki bar sauran aikin ga kaza

Ki ajiye ƙwaryar a buɗe kusa da akurki, ki shiga ɗaki. Ke dai ba ki ɗebi ko ƙwaya ba, ko rantsuwa aka ce ki yi za ki iya. Amma a nan ki yi hattara: kaza ɗaya, kuma marar ƙawaye. Tawa ta gayyato 'yan unguwa har da zakaran maƙwabta.

6. Ranar da tsohuwa ta iso, kada idonki ya ƙifta

Inna ta zo da sabon zanen goyo, Abdussamad ya rako ta. Yaron ya sheƙo da gudu, rogo a hannu, yana "Kaka! Kaka!" Ta juye masarar a faifai ta ƙirga. Talatin da uku.

"Ke 'yar nan, kwanansa ke nan a duniya?"

"Haka lissafi ya nuna, Inna."

"Wannan da haƙoransa suka cika baki?"

"Yana da saurin girma, Inna."

Ta dubi yaron, ta dubi kazar, ta ninke zanenta a hankali.

"Allah Sarki. Jaririn da bai yi arba'in ba ai ba a yaye shi. Sai dai uwarsa ma ba ta gama wankan jego ba ke nan. Abdussamad! Ɗauko babbar tukunya, ka yanko ganyen tsamiya."

7. Ki daure

Ruwan na tafasa ta leƙo bayan ɗaki, ganye a hannu. "Ko dai lissafin gwamnati ya ɓata ne, in goya abina mu tafi?"

Na dubi tururin, na ce, "Lissafi daidai yake, Inna."

Safe da yamma ake fyaɗa mini ruwan nan yanzu, in fito in sha kunun kanwa. Inna ta tare a gidanmu, ta ce sai jariri ya yi arba'in, kuma ita ke riƙe da ƙwaryar. Jiya na ga ta ajiye ta kusa da akurki, tana kiran kaza.

Abin lura: duk wadda ta bi matakan nan bayanta ya sale, ba ruwana, ba ruwan Abdussamad, ba ruwan na'urar Turawa. Ni ɗa na yi miki alkawari, ban yi miki alkawarin fata ba. Nawa ga shi nan a cinyata, yana cizona.