Babban Yatsan Ni-Na-Gano

Duk wanda bai taɓa ganin Shugaban Sashen Ƙwayoyin Cuta yana shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, bai san yadda ilimi yake tafiya da ƙafa biyu ba. Farar rigarsa ta fi ta kowa haske, don shekara goma sha biyar ke nan ba ta kusanci teburin aiki ba. Alƙaluma huɗu ne a aljihunsa, kuma ɗaya daga ciki har rubutu yake yi. A ofishinsa akwai ƙaton hotonsa yana leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta, fuska a murtuke. Mahassada ne kawai suke lura cewa ba a cire murfin madubin ba.

Ma'aikatansa suna kiransa Ni-Na-Gano, a bayan idonsa. Ba abin da za a gano a ɗakin nan, ko da makullin banɗaki ne ya ɓace aka tsinto, da ba zai ce shi ya fara hango shi ba.

Ita kuwa wadda take aikin, wata dattijuwa ce da kowa yake ce wa Anti. Shekara ashirin da biyu tana dafa abincin ƙwayoyin cuta, ta zuba a farantai, ta shuka su, ta sa a akwatin ɗumi, washegari ta duba abin da ya tsiro. Shi dai “ke” yake ce mata. Ba wai bai san sunanta ba ne, kansa ne ya cika da manyan abubuwa.

Wata rana yana fitowa daga mota, ɓawon bishiyar da yake ajiye motar a ƙarƙashinta ya faɗo masa a kafaɗa. Da wani ne, kakkaɓewa zai yi ya wuce. Shi ya gane ishara ce. Ya sa aka ɓamɓaro ɓawon, aka daka, aka jiƙa a sifirit, ya umarci Anti ta ɗiga ruwan a farantin ƙwayoyin cuta. Washegari sai ga fili tas a kewayen inda aka ɗiga, ba abin da ya tsiro.

Ranar bai zauna ba. Kafin azahar ya raɗa wa maganin suna, wato nasa sunan da ɗan ƙarin “sin” a ƙarshe. Ma'aikata suka sauƙaƙa wa kansu, suka ce Ni-Na-Ganosin.

Anti ta bi shi ofis da faranti na biyu a hannu. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa a wannan sifirit zalla ta ɗiga, ba ɓawo, kuma filin da ya bari daidai yake da na maganin. Ta roƙi a bari sifirit ɗin ya bushe tukuna a sake gwadawa, kwana ɗaya kawai.

Ya dube ta ta saman tabarau. “Ke, kimiyya hangen nesa ce, ba wankin faranti ba. Lokacin da nake gabatar da muƙala a gaban masanan duniya, kina ina?”

A lokacin tana nan tana shuka masa farantan muƙalar, amma ba ta faɗa ba. Ya ce a jefa farantin nan a tukunyar ƙona shara kafin ya rikita wa jama'a tunani.

Aka kira taron 'yan jarida. Aka jera kujeru a ɗakin gwaje-gwaje, aka kawar da kayan aiki don kyamara ta sami wuri. Aka ajiye masa faranti cike da ƙwayar nan mai launin zinariya, mai haddasa maruru. Da safen nan wuƙar buɗe wasiƙa ta yanke shi a babban yatsan dama, ya kuma ga wannan ma ishara ce. Ya cire safar hannu ya wurgar. Anti ta yi saurin miƙo wata, ya ture hannunta.

“Masana na ƙarya suna gwaji a kan ɓeraye,” in ji shi. “Ni a kan jikina nake gwadawa. Tarihi, buɗe idonka.”

Ya danna yatsan a tsakiyar farantin, ya murza, ya ɗaga sama aka yi ta ɗaukar hoto. Niyyarsa ya ɗiga maganin nan take, amma wani ɗan jarida ya yi kuskuren tambayarsa tarihin rayuwarsa. Sai bayan minti hamsin, da aka iso shekararsa ta biyu a jami'a, ya tuna da kwalbar.

Kwana biyu yatsa ya yi ja. Ya ce alamar magani yana aiki ke nan. A na uku ya kumbura yana zogi, ya ce ƙwayoyin ne suke shure-shuren mutuwa. A na huɗu kaluluwa ta fito masa a hammata, zazzaɓi ya rufe shi, wani jan layi ya fara hawa damtsensa. Matarsa ta ce su tafi asibiti. Ya ce mutumin da jaridu uku suka buga hotonsa ba zai je ya sha maganin wani ba. Ta ce to, Baban yara, jaridun su zo su ɗaura maka maɓallin riga. Ya kwanta yana rawar ɗari, yana ɗiga Ni-Na-Ganosin sau shida a rana. Da ta ji ya fara yi wa fanka lacca, ba ta ƙara neman shawararsa ba, ta kira ƙaninta suka ciccibe shi zuwa mota.

Likitan da ya karɓe shi tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya taɓa kayarwa sau biyu saboda yawan tambaya. Ya duba hannun, ya ce da an ƙara kwana biyu, ba maganar yatsa za a yi ba, maganar hannu ce. Ya tsaga, ya matse mugunya, ya ɗiba a tsinken auduga. Sai ya tambaya cikin girmamawa ko Yallaɓai ya san ɗakin gwaje-gwaje mai kyau da za a aika. Ai ɗaya ne a garin, wato nasa.

Anti ta karɓi tsinken kamar yadda take karɓar na kowa. Ta shuka, ta jera magunguna shida a farantin, kowanne a kan 'yar takarda, ta ƙara na bakwai, na shugabanta, bayan ta bar sifirit ɗin ya bushe. Washegari wani tsohon magani mai arha, wanda Shugaban yake ce wa maganin talakawa a aji, ya share fili mai faɗi. A kewayen Ni-Na-Ganosin kuwa ƙwayoyin sun tsiro sun yi ɓul-ɓul, har sun hau kan takardar maganin sun zauna.

Aka fara yi masa allurar maganin talakawa. Zazzaɓi ya sauka, hannu ya tsira. Yana farfaɗowa ya shaida wa masu dubiya cewa nasa maganin ne ya raunana ƙwayoyin, allurar nan ta zo ta tarar da aiki a gama.

Yana cikin wannan bayani Anti ta yi sallama da takardar sakamako. Ta gaishe shi da jiki, ta ce likita yana son ta a fayil yau, kuma doka ba ta yarda sakamako ya fita ba sai da sa hannun Shugaban Sashe. Ya karanta. A gaban sunan maganinsa an rubuta: ba ya kashe komai. Ya ɗaga hannun dama, naɗe da bandeji kamar kan jariri, ya ce ai tana gani, ba halin riƙe alƙalami, sai wani lokaci.

“Na yi tunanin haka, Yallaɓai,” in ji ta.

Ta buɗe jaka ta fito da ɗan akwatin tawada, irin wanda ake ajiye wa marasa lafiyar da ba su iya rubutu ba. Matarsa ta kamo masa hannun hagu. A gaban masu dubiya tara, ya dangwala.