Rasuwar Mai Gadin Kwamfutar Alkasim Mai Hoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Alkasim mai hoto, na bakin tashar Magariya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Guci da Mallawa da tsallaken iyaka rasuwar Mai Gadi, 'yar manhajar nan da ta tsare masa kwamfuta tsakani da Allah har ranar da aka raba ta da aikinta.

Ga wanda bai san marigayin ba: ƙanwar Alkasim, Hidaya, mai karatun kwamfuta a Damagaram, ita ta saka masa Mataimaki, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan da ake yi wa magana da Hausa ya aikata. Shi ke shiga baƙin allo, inda ake ba na'ura umarni kai tsaye, ya jera hotuna, ya sake musu suna. Da Hidaya ta ga hannunsa ya cika sauri, sai ta ɗora masa Mai Gadi a bakin ƙofa. Duk umarnin da Mataimaki ya rubuta, sai ya tsaya a gabansa tukuna, an nuna wa mai shago.

Marigayin bai iya hira ba. Abin da aka sani daga bakinsa ke nan: "Ting! In bari ya wuce?" In umarnin na gogewa ne, sai ya yi ja, ya ninka: "Ting, ting!" Bai taɓa gajiya ba, bai taɓa jin kunyar kowa ba. Dosiye ɗaya, wato jakar fayiloli guda, ya yarda Mataimaki ya shiga, sauran ya kulle. Rumbun tsofaffin hotuna kuwa, inda amare da jarirai da alhazan ƙauyuka suke kwance shekara da shekaru, ko leƙe bai bari an yi ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne daga ƙosawa. Ranar kasuwa shago ya cika da masu hoton katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa, kowa na tsoron mota ta bar shi, shi kuma ting, ting, kamar akuyar da aka ɗaure nesa da ɗanta. Tun Alkasim na karantawa kafin ya danna, har ya koma dannawa ido na kan kamara. Daga baya ya ce ai ya san Mataimakinsa, ba ya ɓarna. Ya kashe Mai Gadi da hannunsa. Marigayin ya tambaya ko da gaske ake, aka ce masa e, ya tafi ba gardama.

Bayan sallar azahar kwamfuta ta yi nauyi. Alkasim ya ce wa Mataimaki ya share masa rumbun nan tas. Shara yake nufi, wallahi, irin ta tsakar gida: a kwashe datti, a bar kaya. Mataimaki ya ɗauki ɗaya sharewar, wadda ake yi wa allon lakwal in an gama darasi. Ya rubuta umarnin gogewa, haruffa biyu, r da m, da 'yan ƙananan abubuwa a bayansu. Wurin da ya kamata a ji ting, ting, shiru aka ji. Kaico! Alkasim bai ma lura ba sai da ya juye hotunan wani bikin suna a kan wurin. An kai rumbun har Damagaram, an kai Kano, masu gyara suka ce sabbin sun danne tsofaffin.

Marigayin ya bar Mataimaki cikin ƙoshin lafiya, yana ba da haƙuri da ladabin da ke ƙara ƙona rai. Ya bar Hidaya, wadda ta ɗora shi a bakin ƙofa. Ya bar Alkasim, wanda ya daina cin abinci.

Ya kuma bar Amarya, matar Sadisu na Guci. Sau ɗaya Sadisu ya taɓa zama gaban kamara, a wannan shago, da farar hula da ya aro. Ya rasu tana da ciki. Hoton da aka wanke musu ya lalace da daminar da ɗakinsu ya faɗi. Yanzu 'yar ta yi wayo, tana tambayar kamannin babanta. Amarya ta aiko ɗan kabu-kabu a sake wanke mata hoton, Alkasim ya ce ta zo ranar kasuwa mai zuwa, yana nan a ajiye. Lokacin yana nan ɗin. Har yau bai iya aika mata da labari ba.

Babu wanka, babu likkafani, domin babu gawa. Hidaya ta sako wani Mai Gadin, yana tsaye a bakin rumbun da ba kowa, yana ting ɗinsa, Alkasim na karanta kowane harafi.

Za a yi zaman makoki a shagon, daga hantsi zuwa la'asar, har jajiberin kasuwa. Kada a kawo goro, kada a kawo dabino. Addu'a a yi wa Sadisu, Allah ya jiƙansa. Abin da ake roƙo ɗaya ne: duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton biki ko suna a Guci, ya duba wayarsa ko Sadisu ya fito a ciki, kafin Amarya ta iso. Dogo ne, siriri, da tabo a gira ta hagu. Ko a gefen hoto ya fito, ko rabin fuska ne, a kawo.